Bin Sawun Yaron Dajin Aveyron

Shekara 11 na yi ina koyar da darasin share fage na ilimin zamantakewa ga ɗaliban da suka shigo jami'a sababbi, kuma babu shekarar da ban ba su labarin yaron nan da aka samu a dajin Aveyron, a kudancin Faransa, a farkon shekarar 1800 ba. Labari ne da ake kawowa duk lokacin da aka zo babin al'ada da tarbiyya, domin yana sa ɗalibi ya tsaya ya tambayi kansa abin da zai zama da a ce bai tashi a hannun kowa ba. Sai dai a tsawon shekarun nan ina ba da shi ne kamar yadda na karanta shi, cikin 'yan mintoci, in rubuta sunan yaron, Victor, da na likitansa, Itard, a allo, in wuce zuwa batu na gaba. Da wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni birnin Toulouse a cikin watan Janairu, na duba taswira na ga wuraren da abin ya faru ba su wuce tafiyar 'yan sa'o'i daga masaukina ba, sai na ƙara kwana 6 a kan izinina, na ƙudura niyyar bin sawun yaron tun daga dajin da aka fara hango shi har zuwa unguwar da ya rasu a Faris.

Darasin farko ya same ni tun ban bar Toulouse ba. Da sassafe na shiga wani gidan burodi, na nuna abin da nake so da yatsa, na faɗi adadin da Faransancina mai rauni. Matar da ke bayan kanta ta dube ni, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Bonjour, Monsieur," da muryar da ba ta da zafi amma ba ta bar shakka ba, kuma ba ta miƙa hannu ga burodin ba sai da na amsa mata da "Bonjour, Madame." Babu dokar da aka rubuta cewa wanda ya shiga shago a Faransa sai ya fara gaisuwa kafin ya faɗi buƙatarsa, kuma babu ɗan sandan da zai kama wanda ya saɓa, amma ƙa'idar tana nan da ƙarfinta, da hukuncinta, wanda shi ne wannan ɗan shirun. Émile Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya yi bayanin cewa abubuwan zamantakewa suna wajen mutum ne, ya zo ya tarar da su, kuma suna danne shi ba tare da ya ji nauyinsu ba muddin yana tafiya tare da su. Sai ranar da ya saɓa musu yake jin suna nan. Na sha faɗa wa ɗalibai wannan, amma baƙo, ko yana da ido, makaho ne, kuma a baƙunta ne mutum yake komawa yaro a cikin abubuwan da ɗan shekara biyar na garin ya riga ya ƙware a kansu. Na riƙe wannan jin a zuciyata, domin ya zamar mini ɗan ƙaramin ma'auni na halin da yaron ya tsinci kansa a ciki, shi da babu wata al'ada ko guda da zai kwatanta sabuwar da ita.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Albi, tafiyar kusan sa'a guda, na ɗauki hayar mota daga nan na nufi gabas, zuwa Lacaune. Hanyar tana hawa ne tana murɗewa cikin tsaunuka, garin kuwa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 800, kewaye da daji mai duhuwa. A dazuzzukan nan ne, tun wajejen 1797, mutanen karkara suka fara hango wani yaro tsirara yana tonon saiwa da tsintar 'ya'yan itace, yana gudu idan ya ji motsin mutum. A shekarar 1799 wasu mafarauta uku suka kama shi, aka damƙa shi ga wata mata da mijinta ya rasu, ya yi kimanin mako guda a hannunta ya tsere. A yau akwai hanyar ƙafa da aka ware wa masu yawon buɗe ido da sunan yaron, kuma na bi wani yanki nata da hantsi, ina sanye da riguna uku da safar hannu, dusar ƙanƙara tana kwance a gindin itatuwa, iska tana yanka fuska kamar aska. Ban yi minti 40 ba na juyo, yatsuna sun ƙage.

Wannan sanyin ya sa na fahimci wani abu a cikin rahotannin da aka rubuta a kan yaron wanda a da nake karantawa in wuce. Waɗanda suka lura da shi sun rubuta cewa yana iya tsugunawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin hunturu na tsawon sa'o'i ba tare da ya nuna damuwa ba, yana murna da dusar ƙanƙara har ya yi birgima a cikinta, yana kuma sa hannu cikin wuta ya ɗauko dankali ya ci da zafinsa. Idan aka harba ƙaramar bindiga a kusa da shi ba ya ko waiwayowa, amma idan aka fasa ƙwanson wani ɗan itace da yake so a bayansa, nan take zai juyo. Kunnensa lafiya lau yake, abin da kunnen ya koyi ɗauka da muhimmanci ne ya bambanta da namu. Mun saba ɗaukar ji da gani da jin zafi da sanyi a matsayin halitta tsantsa, alhali kuwa har su ma jama'a tana sa musu hannu: ita ke koya wa jariri wace murya ce za a saurara, wane wari ne abin ƙyama, wane ciwo ne ake yi wa kuka, wane ne ake cijewa. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya riga ya faɗi cewa mutum ɗan abin da ya saba ne fiye da yadda yake ɗan halittarsa, kuma a cikin wannan daji maganar ta fito mini fili.

Daga Lacaune na gangara arewa zuwa Saint-Sernin-sur-Rance, wani ɗan ƙauye da ya maƙale a jikin tudu a saman kogin Rance, gidajensa na dutse, titunansa matsattsu. A nan ne, a farkon Janairun 1800, yaron ya fito da kansa daga daji ya shiga gidan wani marini a gefen gari, da sauran tsumman riga a jikinsa, shekarunsa bisa kintace kusan 12. Ba ya magana, yana sansana duk abin da aka ba shi kafin ya kai baki, kuma abin da ya fi so shi ne a bar shi kusa da wuta. Daga nan aka kai shi gidan marayu a Saint-Affrique, daga bisani aka wuce da shi Rodez. A cikin ƙauyen akwai mutum-mutuminsa, kuma a kusa da shi ne na haɗu da wani dattijo mai sanda, wanda ya ga ina rubutu a littafina cikin sanyi ya tsaya ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na gaishe shi yadda aka koya mini, muka ɗan zanta. Da ya ji ni malami ne, sai ya ce, "Monsieur, ka san mutanen da suka kama yaron nan ma ba Faransanci suke yi ba?"

Gaskiya ya faɗa. Harshen mutanen wannan yanki a wancan zamani shi ne Oksitan, wanda na riga na ji ana kiran sunayen tashoshi da shi, bayan Faransanci, a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Toulouse, na kuma gan shi a allunan sunayen titunan birnin. A 1794 wani fada, wato limamin coci, kuma ɗan majalisa mai suna Grégoire ya gabatar wa gwamnatin juyin juya hali rahoto a kan wajibcin kawar da harsunan yankuna domin kowa ya koma harshe ɗaya, kuma dokokin ministan ilimi Jules Ferry na 1881 da 1882, waɗanda suka mayar da karatun firamare kyauta kuma tilas, su ne suka kai Faransanci kowane ƙauye. Dattijon ya ce mahaifinsa ya sha horo a aji saboda harshen gida ya kuɓuce masa, shi kuwa yana jin harshen amma ba ya mayarwa sosai, jikokinsa kuma sai 'yan kalmomi. Masana suna raba tarbiyya gida biyu: ta farko, wadda yaro yake samu a hannun iyaye da mutanen gida, inda yake koyon harshe da sanin nasa da na wani, da ta biyu, wadda makaranta da tsara da wurin aiki da kafofin watsa labarai suke ɗorawa. A littafi ana jera su kamar masu taimakon juna. A labarin dattijon nan na ga yadda ta biyu take iya shiga har cikin ɗaki ta sauya harshen da uwa take lallashin ɗanta da shi, a cikin zuriya uku kacal. A Faransa ta yau, tun 2019, karatu wajibi ne daga shekara 3, wato hannun hukuma yana isa ga yaro tun bai gama iya ɗaura takalminsa ba.

A Rodez yaron ya yi watanni a hannun wani fada masanin halittu mai suna Bonnaterre, wanda ya auna shi, ya siffanta shi, ya rubuta halayensa kamar yadda yake yi wa sauran halittun da yake nazari. Na kwana biyu a garin, ƙarƙashin inuwar babbar majami'arsa ta jan dutse mai hasumiyar da ta kai mita 87, amma abin da ya fi riƙe ni shi ne gidan tarihi na Fenaille, inda aka tara sassaƙen duwatsu masu siffar mutane da aka tono a wannan yanki, waɗanda shekarunsu suka kai wajen 5,000. Mafi shahara a cikinsu ana kiranta Uwargidan Saint-Sernin, domin a kusa da ƙauyen da na baro aka same ta a 1888. Na daɗe tsaye a gabanta. Tana da idanu da hanci amma mai sassaƙar bai yi mata baki ba; tana da zane-zane a kumatu, da tsakiyoyi jere a wuya, da ɗamara a ƙugu, da tufafi masu ninki. Ba ta da bakin magana, amma duk jikinta bayani ne: na wasu mutane ce, tana da matsayi a cikinsu, kuma sun yarda a tsakaninsu a kan ma'anar kowace alama da ke jikinta. Edward Tylor, masanin al'adu ɗan Ingila, a 1871, ya bayyana al'ada da cewa ita ce dunƙulen ilimi da imani da fasaha da ɗabi'a da doka da saba, da duk wata iyawa da mutum ya samu saboda kasancewarsa ɗan wata al'umma. Dutsen nan yana ɗauke da sassan al'ada guda biyu da muke koyarwa, wanda ake taɓawa da hannu da wanda ke cikin zukata, ko da yake na biyun ya tafi tare da masu shi. Yaron kuwa, da ya fito daga ƙasa ɗaya da ita, yana da baki amma babu harshe, kuma alamomin da ke jikinsa tabbai ne guda 23 da likitansa ya ƙirga daga baya, har da wani dogo a maƙogwaro wanda ya yi kama da yankan wuƙa.

Wannan tabon na maƙogwaro ya kamata a riƙa ambatarsa a aji, kuma ni kaina ban cika ambatarsa ba. Yana nuna cewa akwai yiwuwar yaron ya taɓa zama a hannun mutane, kuma mutanen nan sun cutar da shi kafin su yar da shi. Wasu masana na wannan zamani, da suka sake karanta siffofinsa, suna ganin yana da lalurar da likitoci ke kira otizim, mai wahalar da magana da mu'amala da mutane, tun kafin ya shiga daji. Saboda haka ba daidai ba ne a gabatar da shi kamar gwajin ɗakin bincike wanda ya raba halitta da tarbiyya gida biyu tsaf. Haka ma yarinyar da ake kira Genie, wadda aka gano a yankin Los Angeles a 1970 tana da shekara 13 bayan an kulle ta a ɗaki kusan duk rayuwarta: ta koyi kalmomi da yawa amma ginin jimla ya gagare ta, abin da ya ƙarfafa ra'ayin masanin harshe Eric Lenneberg na 1967 cewa koyon harshe yana da lokacinsa a ƙuruciya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ita ma an haɗa mata kaɗaici da yunwa da duka. Duk yaron da aka samu ba tare da tarbiyya ba, yaro ne da aka zalunta, kuma ina ganin bai dace malami ya ɗauki ɓangaren darasin ya bar ɓangaren zaluncin ba.

Tafiyar da ta ɗauki Bonnaterre da yaron fiye da mako biyu a keken doki, bisa umarnin ministan harkokin cikin gida Lucien Bonaparte, ni na yi ta cikin yini guda a jirgin ƙasa. Sun isa Faris a watan Agustan 1800, birnin yana ɗokin ganin mutum a asalin halittarsa, kafin jama'a ta taɓa shi. A ƙarshen 1799 aka kafa wata ƙungiya ta masana mai suna Ƙungiyar Masu Lura da Ɗan'adam, kuma a shekarar da yaron ya iso ne ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Degérando, ya rubuta jagora ga matafiyan jirgin ruwan bincike da kyaftin Baudin ya jagoranta a kan yadda za su nazarci al'ummomin nesa. Kalma ɗaya suka yi amfani da ita ga yaron da kuma ga waɗannan al'ummomi, kalmar da asalin ma'anarta ɗan daji. Wannan kuskure ne babba, kuma shi ne abin da muke gargaɗin ɗalibai a kansa idan muka ce kada mutum ya auna al'adar wasu da mudun tasa. Mutanen da jirgin ya je ya tarar suna da harsuna da dokokin aure da tarihin kakanni da hanyoyin renon 'ya'ya. Babu wata al'umma a doron ƙasa da ba ta da al'ada. Wanda ba shi da ita shi ne yaron da aka tsinta a tsakiyar Faransa.

Da masu kallo suka ga yaro mai ƙazanta, mai rangaji gaba da baya, mai cizo da yakushi, sai ɗokin ya mutu. Philippe Pinel, babban likitan masu taɓin hankali na zamanin, ya duba shi ya yanke cewa lalura ce ta ƙwaƙwalwa wadda ba ta da magani. Wani matashin likita mai shekara 26, Jean Itard, wanda yake aiki a makarantar kurame da aka ajiye yaron, ya ƙi yarda. A ganinsa, abin da ake gani a jikin yaron sakamakon rashin zama da mutane ne, kuma abin da rashi ya jawo, samu zai iya gyarawa. Ya tsara manufofi biyar, ta farko a cikinsu ita ce ya sa yaron ya so zama da mutane, sannan ya farkar da gaɓoɓin jinsa, ya ƙirƙirar masa sababbin buƙatu, ya kai shi ga magana ta hanyar kwaikwayo, ya kuma horar da tunaninsa. Ya raɗa masa suna Victor saboda ya lura yana juyowa idan ya ji sautin "o". Shekara biyar ya yi yana wannan aiki, ya rubuta rahoto a 1801 da wani a 1806, kuma hanyoyin da ya ƙirƙiro sun bi ta hannun ɗalibinsa Édouard Séguin har suka isa ga Maria Montessori, masaniyar koyar da yara 'yar Italiya.

Makarantar tana nan har yau a lamba 254, titin Saint-Jacques, inda ta koma tun 1794, kuma har yanzu kurame take koyarwa. Ban nemi shiga ba, domin wurin karatun yara ne. Na tsaya a ɗaya gefen titin da yamma daidai lokacin tashi, na ga ɗalibai suna fitowa rukuni-rukuni, hannuwansu suna ta kai da kawo cikin sauri, fuskokinsu suna amsawa, wani yana tsokanar wani, wata babba tana gyara wa ƙarami wata alama da ya yi ba daidai ba, ta kama yatsunsa ta lanƙwasa su yadda ya kamata. Titin shiru, amma hira ake yi sosai. A wannan gida ne maganar hannu ta Faransa ta bunƙasa a kan harsashin da fada de l'Épée ya kafa tun wajejen 1760, kuma daga nan ne Laurent Clerc ya tafi Amurka a 1816 ya taimaka aka buɗe makarantar kurame a Hartford a shekarar da ta biyo. Victor ya zauna a tsakiyar wannan harshe, amma Itard ya kafe a kan sai ya yi magana da baki, kuma darussansa shi kaɗai yake ɗauka, ba tare da sa'o'insa ba. Abin da ya iya furtawa bai wuce kalmar madara da wani ɗan kiran sunan Ubangiji da ya ɗauka daga bakin mai renonsa ba. Kalmar madarar ma yakan faɗe ta ne bayan an zuba masa, don murna, maimakon ya roƙa da ita, abin da ya ɓata wa Itard rai ƙwarai. Ina girmama Itard, kuma ba na ganin adalci ne a auna shi da ilimin da ya zo bayansa, amma a tsaye a wannan titi na kasa daina tunanin cewa harshe abu ne da yaro yake sha a cikin tsara da wasa da faɗa da sulhu, kuma wannan ƙofar ce ba a buɗe wa Victor ba. Su kansu kuramen an hana su harshensu a ajujuwa bayan taron masu koyar da kurame da aka yi a birnin Milan a 1880, kuma sai a 2005 dokar Faransa ta amince da shi a matsayin cikakken harshe.

Daga nan zuwa Sorbonne tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. A dandalin da ke gabanta akwai mutum-mutumin Auguste Comte, wanda ya yaɗa sunan da ake kiran wannan fanni da shi, kuma a cikinta ne Durkheim ya koyar tun daga 1902, a kujerar ilimin tarbiyya, inda yake bayyana karantarwa a matsayin shigar da sabon tashi cikin jama'a bisa tsari. Ɗan 'yar'uwarsa Marcel Mauss ya kai maganar har ga jiki, a wata lacca ta 1934, inda ya nuna cewa tafiya da zama da iyo da barci duk koyonsu ake yi, ya kuma ba da misali da sojojin Ingila a yaƙin duniya na farko waɗanda suka kasa aiki da shebur irin na Faransawa. Victor bai iya tafiya a hankali ba, sassarfa yake yi, kuma sai da aka koya masa zama a kujera da kwana a gado. A can Amurka kuma Charles Cooley, a 1902, ya ce mutum yana ganin kansa ne a idon mutane kamar a madubi, George Herbert Mead na Chicago ya ƙara da cewa yaro yana fara zama mutum ne sa'ad da ya iya sa kansa a matsayin wani, da farko a wasan kwaikwayon uwa da uba, daga baya a wasa mai dokoki inda sai ya riƙe matsayin kowa a ransa. An rubuta cewa da aka fara nuna wa Victor madubi, bai gane kansa ba, ya leƙa bayansa yana neman wanda ke ciki.

Akwai abubuwa biyu a rahoton Itard na biyu da suka nuna cewa wannan madubi na mutane ya fara yi wa yaron aiki. Na farko gwaji ne da Itard ya yi da gangan: wata rana da Victor ya yi aikinsa daidai yana jiran yabo, sai likitan ya ɓata fuska, ya watsar da kayan karatun, ya ja shi zuwa ɗakin duhun da ake horonsa a ciki. Yaron da ya saba shiga ba gardama idan ya yi laifi, ran nan ya turje, ya kafa ƙafa a bakin ƙofa, ya gantsara wa malaminsa cizo a hannu. Itard ya rubuta cewa ciwon ya faranta masa rai, domin ya nuna yaron ya san bambancin horon da ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Hanyar tana da tsauri, kuma ba zan so a yi wa wani yaro haka ba, amma abin da ta bayyana gaskiya ne.

Na biyu ya shafi matar da nake ganin an tauye mata haƙƙi a yadda muke ba da labarin nan, wato Madam Guérin, wadda aka ɗauka ta kula da yaron. Ita ce take yi masa wanka, ta sa masa tufafi, ta ci abinci tare da shi, ta fita da shi yawo lambun Luxembourg, wanda na ratsa da yammar nan ina tunaninta. Ɗaya daga cikin ayyukan Victor a gidan shi ne jera faranti a tebur. Da mijinta ya kwanta ciwo, yaron ya ci gaba da ajiye farantinsa kullum ana ɗaukewa, har ranar da mutumin ya rasu, Victor ya ajiye farantin kamar yadda ya saba, matar ta gani ta fashe da kuka. Yaron ya dube ta, ya ɗauke farantin ya mayar cikin kabad, kuma bai sake ajiye shi ba. Babu wanda ya tsara wannan a cikin manufofi biyar, babu katin haruffa, babu lada ko horo. Ya ga baƙin cikin wata, ya gane cewa abin da hannunsa ya yi ne ya tayar da shi, ya gyara. Abin da Mead ya bayyana bayan fiye da shekara 100 ke nan, kuma a teburin cin abinci ya same shi, a wurin matar da ya saba da ita. An kuma rubuta cewa da ya taɓa tserewa 'yan sanda suka tsare shi na wasu kwanaki, ranar da ta zo karɓarsa sai da ya ɗan suma da ganinta, sannan ya farfaɗo yana ta murna a jikinta.

Itard ya daina darussan bayan shekara biyar, da ya tabbata maganar baki ba za ta samu ba. A 1811 aka fitar da Victor daga makarantar, ya koma wani gida a lungun Feuillantines tare da Madam Guérin, a kan kuɗin da gwamnati take ba ta, kuma a nan ya zauna har ya rasu a 1828 yana da kimanin shekara 40. A ranata ta ƙarshe na taka daga ƙofar makarantar zuwa titin da yake ɗauke da wannan suna a yau, ban yi minti biyar ba na isa. Unguwa ce ta gidaje masu hawa da ɗalibai masu saurin tafiya, an rushe an sake gini tun tuni. Shekara biyar ɗin Itard suna da rahotanni biyu da aka fassara zuwa harsuna da yawa, shekara 17 ɗin da suka biyo baya kuwa, na girki da wanki da jinya da haƙuri da mutumin da ba ya magana, sun wuce a bayan wata ƙofa a wannan lungu. Na jingina da bango na buɗe littafina, a shafin da na tsara darasin zangon karatu mai zuwa, inda na rubuta Victor da Itard, na ƙara sunanta a tsakaninsu, sannan na gangara tashar jirgin da zai kai ni filin jirgin sama.